Maƙerin sulken sojan da ba a haifa ba tukuna

A ƙirjin sulken Kofur Hicks, a fim ɗin Aliens na 1986, akwai zanen jar zuciya da ɗan kwaɗo maƙale a kanta. Na kalli fim ɗin sau da dama kafin idona ya kai wurin, sai ranar da na tsayar da hoton don in ƙare wa kayan sojojin kallo. Michael Biehn, wanda ya fito a matsayin Hicks, ba shi ya yi zanen ba. Da James Remar aka fara ɗaukar fim ɗin, bayan 'yan kwanaki aka sauya shi, aka kira Biehn cikin gaggawa. Ya iso ya tarar an riga an ɗauki wasu fitowa da sulken, ba halin a goge, dole ya saka shi yadda ya same shi. Ya sha faɗa daga baya cewa zanen bai kwanta masa ba, domin a ganinsa babu sojan da zai ɗora wa ƙirjinsa jan tabo ya nuna wa abokin gaba inda zai saita bindiga. Ta fuskar soja yana da gaskiya. Amma wannan 'yar zuciya tana cikin abubuwan da suka sa mai kallo ya yarda cewa mutum ne a cikin ƙarfen, kuma daga kanta na fara sha'awar masu sana'ar da ke tufatar da sojojin kundumbala na jiragen yaƙin sararin samaniya, sojojin da babu su sai a ƙagaggun labaran kimiyya.

Sana'a ce mai wuyar sha'ani. Tela mai ɗinka kakin soja na gaske yana da wanda zai auna, yana da dokar rundunar da ta faɗi launi da yawan maɓalli. Shi kuwa wannan, an ce masa ya ƙera kayan aikin mutumin da za a haifa nan da shekara ɗari biyu, wanda zai yi yaƙi a wata duniyar da ba wanda ya taɓa takawa, kuma idan ya gama, duk wanda ya kalla ya ce lalle haka kayan ya kamata su kasance. Ba ya isa ga haka sai ya fara sanin aikin sojan, kafin ya taɓa almakashi ko guduma.

Aikin kuwa tsoho ne, daga teku aka ɗauko shi. Turawa suna kiran irin wannan soja marin, kuma ba ɗaya yake da matuƙin jirgin ruwa ba, ko da yake jirgi ɗaya suke kwana. Sifen ta kafa rundunarta ta marin a 1537, Ingila a 1664, Amurka a ranar 10 ga Nuwamba 1775. Matuƙi aikinsa igiya da ƙyallen iska da igwa. Marin soja ne na ƙasa da aka ɗora a kan jirgi: idan jirgi ya manne da na abokan gaba shi ke tsallakawa, idan aka zo gaɓa shi ke fara sauka, idan faɗa ya kaure shi ke harbi da bindigar hannu daga saman bene. A yaƙin Trafalgar na 1805, jirgin Ingila mai suna Victory yana ɗauke da mutum kusan 820, sama da 140 daga cikinsu marin ne. Sai dai akwai wani aikin nasa da ba a cika ambata ba, wanda ni a ganina shi ne tushen maganar tufafin. Marin shi ne mai gadin ƙofar kyaftin, da rumbun albarushi, da ɗakin ajiyar giya. Wurin kwanansa ma tsakanin hafsoshi da matuƙa aka sa shi, domin idan matuƙa suka yi bore, kamar yadda suka yi a Spithead da Nore a 1797, su ci karo da shi kafin su kai ga manya. Shi ya sa ya zama dole a bambanta shi da ido. Marin na Ingila jar kwat yake sakawa a zamanin da matuƙa ke saka abin da suka samu, don sai a 1857 aka tsayar musu da kaki na doka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ga dogari cikin ja da kore a tsakiyar fararen riguna ya san amfanin wannan: tun daga nesa ka san wanda aka ba ikon ya tare ka.

Marubutan labaran kimiyya sun kwashi wannan tsari ɗungurungum suka kai shi sama. Tun a Nuwamban 1932 Bob Olsen ya buga wani labari a mujallar Amazing Stories da ke ɗauke da sunan marin na sararin samaniya a kansa. Hankali ma yana ɗauka. Kumbon yaƙi yana iya ragargaza wani kumbon daga nisan dubban kilomita, amma ba ya iya kama fursuna, ba ya iya ƙwace tasha ba tare da ya rusa ta ba, ba ya iya shiga ɗaki-ɗaki ya duba ko akwai mai sauran numfashi. Wannan sai an tura mutum da ƙafarsa. Ma'aikatan kumbo suna zaune gaban na'urori cikin tufafi marasa nauyi, rigar da ba ta da abin da zai sarƙe a maɓalli ko waya. Marin kuwa zai ratsa ta ƙofa mai ƙunci, a wurin da harsashi ɗaya idan ya huda bango zai iya zuƙe iskar da kowa ke shaƙa. Kayansa dole su faɗi haka.

A nan ne Terry English ya shigo. Maƙerin sulke ne ɗan Ingila, wanda ya yi suna da sulkunan fim ɗin Excalibur na John Boorman a 1981, waɗanda ke walƙiya kamar madubi. Da James Cameron ya zo ɗaukar Aliens a sutudiyon Pinewood a 1985, Emma Porteous ce mai tsara tufafi, aka ba English aikin ƙarfen. Abin da ke burge ni shi ne, mutumin da aka nema ya ƙera kayan ƙarni na 22, da dabarar ƙarni na 15 ya yi aikin. Maƙerin sulke yana yanka falle ne daga farantin ƙarfe, ya ɗora shi a kan kututture mai rami, ya dinga bugu da guduma mai zagayayyen kai daga gefe zuwa tsakiya har fallen ya lotsa ya ɗauki siffar ƙirji. Sannan ya juya shi a kan uwar maƙera, ya bi shi da ƙaramar guduma mai santsin baki, bugu kusa da bugu, har tabban farko su ɓace. Bakin fallen kuma sai an naɗe shi, in ba haka ba ya yanki wuya ko hammata. Daga nan a huda, a kafa ƙusoshi, a ɗaura maɗaurai. Ƙarfen da ya zaɓa alminiyam ne, saboda ɗan wasa zai yini yana gudu da rarrafe a cikinsa ƙarƙashin fitilu masu zafi, kuma za a maimaita fitowa ɗaya sau goma ko fiye. Da baƙin ƙarfe ne, kafin azahar kowa ya zube.

Dubi abin da ya rufe da abin da ya bari. Ƙirji da baya da kafaɗu da mara da ƙwauri, waɗannan an lulluɓe su. Hannaye a buɗe, cinya kaki ne kawai mai dabbare-dabbare. Kwalkwalin siffar na sojan Amurka ne na zamanin Biyetnam, aka ƙara masa marfin ƙeya da abin magana da 'yar kyamara a gefe. A kafaɗa akwai fitila. Ba a rufe fuska ba, kuma labarin ya ba da dalili, tunda duniyar da suka sauka, LV-426, an yi shekaru ana gyara iskarta har ta zama ta shaƙa. Amma mai sana'a yana da nasa dalilin: fuskar da aka rufe ba ta nuna tsoro, fim ɗin kuwa a kan tsoro aka gina shi. Sannan aka bi ƙarfen da fenti mai duhu, aka kankare shi, aka tsofar da shi, har ya zama kamar kayan da suka sha hannu a wurin wasu kafin su zo kan waɗannan. Tsofar da kaya ma fanni ne mai zaman kansa a wannan sana'a, da masu yinsa na musamman. Sabon kaya yana tona asirin fim.

'Yar kyamarar nan ba ado ba ce, ita ce ta ɗauki nauyin mafi kyawun fitowa a fim ɗin. Laftanar Gorman, sabon hafsa wanda yawancin saukar yaƙin da ya yi a na'urar gwaji ya yi su, yana zaune cikin motar sulke gaban jerin allunan talabijin, kowane allo da sunan soja ɗaya da bugun zuciyarsa. Shi yana ganin kowa, amma ba ya wurin. Da ya gane cewa harsashi zai iya fasa bututun sanyaya injin tashar gyaran iskar, sai ya ba Saje Apone umarni ya karɓe harsasan kowa, bai tsaya ya yi bayani ba. Da dodannin da suka mamaye tashar suka fito daga bango, mai kallo yana ganin allunan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk tazarar da ke tsakanin hafsa da kurtu, wadda a jirgin ruwa ake nunawa da wurin kwana, a nan an nuna ta da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba a gefen kwalkwali. Gorman ma da farko hular hafsa ce a kansa, kakinsa tsaf, ga matuƙan ƙaramin jirgin sauka, Ferro da Spunkmeyer, cikin rigar tuƙi. Kafin kowa ya buɗe baki ka riga ka san matsayinsa.

Makaman ma haka aka haɗa su, daga abin da ke hannu. Bindigar da yawancinsu ke riƙewa tsohuwar Thompson ce ta yaƙin duniya na biyu, aka haɗa ta da sassan bindigogin farauta biyu, Remington 870 da SPAS-12, aka lulluɓe da kwanso, aka sa mata ɗan allo mai jan lamba da ke ƙirga harsashin da ya rage. Babbar bindigar da Vasquez da Drake ke ɗauka MG 42 ce ta Jamus, aka ɗaura ta a kan ɗamarar da masu ɗaukar hoto ke rataya kyamara don kada ta girgiza, aka ƙara mata sassan babur. Motar sulken kuwa asalinta motar jan jiragen sama ce ta filin jirgin Heathrow, mai nauyin tan 70 da ɗoriya, sai da aka cire mata dalma mai yawa kafin daɓen wurin ɗaukar fim ya iya ɗaukarta. Ido yana gane ƙarfen da ya taɓa yin aiki na gaske ko da an sake masa kama, kuma ina jin wannan ne sirrin da ya sa kayan fim ɗin ba su tsufa ba bayan shekara kusan arba'in.

Sai maganar zane. Cameron ya so sojojinsa su yi kama da na Biyetnam, waɗanda ke rubuce-rubuce a kwalkwali da rigar sulke, sai ya ba 'yan wasan fenti ya ce kowa ya yi wa kayansa abin da ya ga dama. Bill Paxton, mai fitowa a Hudson, ya rubuta sunan budurwarsa wadda ya aura daga baya. Jenette Goldstein, wato Vasquez, ta yi rubutu da Sifaniyanci a ƙirji, ta rubuta kalmar ban kwana a jikin bindigarta. Kafin nan an sa su horon soja na makonni tare, amma Sigourney Weaver, mai fitowa a Ripley jarumar fim ɗin, da Paul Reiser da William Hope, wato Gorman, ba su halarci horon ba, suka zo a matsayin baƙi a cikin mutanen da suka riga suka saba da juna, kamar yadda labarin yake buƙata. Al Matthews, Saje Apone, shi ba koyo ya zo yi ba, marin ne na gaske da ya yi yaƙi a Biyetnam, kuma ana gani a yadda yake tashin yaransa daga barci da sigari a baki. Ni dai a nan nake ganin gwanintar ta kai ƙarshe. An ƙirƙiri kaki ne don a mayar da mutane iri ɗaya, amma duk inda aka raba wa samari kaya iri ɗaya, kafin mako ya zagayo kowa ya sa wa nasa alama. Maƙeri ya yi wata yana bugun ƙarfe, sannan ya miƙa shi ga wani ya ɓata da fenti, ya kuma yarda cewa ɓatawar tana cikin aikin. Ba kowane gwani ke da wannan haƙurin ba.

Akwai wani reshen sana'ar da ya bi wata hanya dabam. A 1959 Robert Heinlein ya fitar da littafinsa Starship Troopers, inda sojan ke shiga cikin sulke mai inji, wanda ke ninka ƙarfin gaɓoɓinsa, ya sa shi tsallake gini. Cameron ya sa 'yan wasansa sun karanta littafin. A takarda irin wannan sulke ba ya cin ko kwabo, amma a gaban kyamara yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa da Paul Verhoeven ya mayar da littafin fim a 1997 ya ajiye sulken injin gefe, ya sa sojojinsa cikin rigar ƙirji da kwalkwali masu launin toka. Mai tsara tufafinsa, Ellen Mirojnick, ta ɗauko yankan kakin hafsoshi daga na Jamus ta zamanin Hitila, da gangan, har da doguwar baƙar kwat ta jami'in leƙen asiri, domin mai kallo ya tambayi kansa wace irin gwamnati ce waɗannan kyawawan samari ke mutuwa dominta. Tufa ta faɗi abin da ba a sa a bakin kowa ba. Waɗannan sulkuna masu launin toka ba su mutu da fim ɗin ba, sun koma ɗakin ajiya ana ba da su haya, har suka sake fitowa a jikin sojojin gwamnati a shirin Firefly na 2002.

Sulken injin ya samu gidansa na gaskiya a kan tebur. A 1987 kamfanin Games Workshop, wanda ke Nottingham, ya fitar da wasan Warhammer 40,000, wanda ake yi da 'yan mutum-mutumin da ba su wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Mai sassaƙa su yana da matsalar da English bai da ita: dole a gane sojan daga ɗaya gefen tebur. Shi ya sa aka kumbura kafaɗun suka zama kamar ƙwarya, don a samu filin zana tambarin runduna, aka kuma ba kowace runduna ta mutum dubu launinta, Ultramarines shuɗi, Blood Angels ja. Babu maganar ɓuya a nan, an koma zamanin jar kwat. Masu wasan su ke fentin sojojinsu da kansu, da burushi mai bakin allura, wasu su kwashe dare a kan kafaɗa ɗaya. Kamannin nan sun bazu zuwa wasannin kwamfuta irin su StarCraft na 1998, har yau idan aka ce marin na sama, yawancin matasa wannan ƙaton mai faffaɗar kafaɗa suke gani.

Wanda ya fi gamsar da ni a 'yan shekarun nan shi ne The Expanse, littattafan da Daniel Abraham da Ty Franck suka rubuta da sunan James S. A. Corey, aka fara nuna su a talabijin a 2015. A can Bobbie Draper, saje a rundunar marin ta duniyar Mars, wadda Frankie Adams ta fito a matsayinta, tana da sulken inji da ake kira Goliath. Marubutan sun yi tunanin jikin da ke cikin sulken. Nauyin abu a Mars bai kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa a duniyarmu ba, don haka marin ɗin Mars suna atisaye a ƙarƙashin nauyi irin na Duniya, saboda ranar da za a ce su sauka a kanta su yi yaƙi. Takalmansu suna da maganaɗisu don su manne da daɓen kumbo idan inji ya tsaya. Sulken rufaffe ne ruf, shi ne iskarta, shi ne garkuwarta, idan ya tsage a fili ta mutu ko ba a harbe ta ba. Kuma idan ta cire shi ta shiga cikin ma'aikatan kumbo, tsohuwar tazarar nan tana nan, su suna kallonta a matsayin mai ƙarfin tuwo, ita tana kallonsu a matsayin direbobi. A wannan shirin an haskaka cikin kwalkwali da 'yan fitilu don a ga fuskar ɗan wasa, abin da ɗan sama jannati na gaske ba zai so ba, tunda haske a ciki yana hana ganin waje. Mai sana'a yana sane da hakan, ya zaɓi fuska.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, kayan da suka kai mutum kan wata da gaske ba maƙera suka yi su ba. Rigunan Apollo mata ne suka ɗinka su da keken ɗinki a Dover ta jihar Delaware, a kamfanin da asalinsa rigunan ciki na mata yake yi, falle 21 a kan juna, kuskuren da aka yarda da shi a ɗinkin bai kai faɗin kan allura biyu ba. Sararin samaniya na gaskiya tela ya nema. Amma labari yana son ƙarfe, domin ƙarfe yana lotsawa, yana tsatsa, yana riƙe tabon abin da ya faru da mai shi, kuma mai kallo yana karanta tabon.

Kusa da ƙarshen Aliens, Hicks da Ripley suna tserewa suka faɗa cikin lif, wani dodo ya cusa kai kafin ƙofa ta rufe. Hicks ya harbe shi daf da daf, jinin dodon, wanda ruwan guba ne mai narka ƙarfe, ya fantsamo masa a ƙirji da fuska. Sulken ya fara hayaƙi yana tafasa. Su biyun suka hau kokawa da maɗaurai, waɗannan maɗauran da aka kafa da ƙusa ɗaya-ɗaya a maƙera, har suka ɓalle farantin suka yar a ƙasa. Ya ƙone, amma da ransa Ripley ta fito da shi tana riƙe da kafaɗarsa. Farantin da ke ɗauke da jar zuciyar da kwaɗonta aka bari a daɓen lif ɗin yana ci gaba da narkewa.